Uwata, Kada Ki Aika Takardar Nan Tukuna

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya karatu, ya kuma sanyin Ingila? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na karanta takardar godiyar da kika rubuta wa malamarki wadda ta gayyace ku cin abinci a gidanta. Nahawunki ba abin gyara. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rai, kuma ina so ki cire ta kafin ki aika. Kin ce liyafar da ta shirya muku extravagant ce. Na san yabo kike nufi, wato ta karrama ku, abinci ya wadata har ya yi saura. Amma ita tana iya jin kamar kin ce ta wuce gona da iri, ta kashe abin da bai kamata ba. Ƙawa takan faɗa wa ƙawarta haka cikin raha in ta kawo mata tsaraba mai tsada, su yi dariya ya wuce. Ke ɗaliba ce, ita malamarki, kuma a rubuce ne, inda ba a ganin murmushi.

Kalmar daga Latin take, tsohon harshen Romawa: extra, waje, da vagari, yawo. Abin da ya tsallake iyaka ya shiga gararamba ke nan. Shi ya sa ba kuɗi kaɗai take shafa ba. Ɗan takarar da ya yi alkawarin kawo ƙarshen talauci cikin shekara guda, za a ce ya yi extravagant promises ko da bai kashe ko sisi ba.

Ina kyautata zaton daga ƙamus ɗin nan na kalmomi masu kusancin ma'ana kika tsinto ta. Wani likita ne, Peter Mark Roget, ya fitar da mafi shahararsa a 1852, kuma yana da amfani. Sai dai jera kalmomi yake yi kamar 'yan gida ɗaya, ba ya gaya miki wacce ke yabo wacce ke zargi. Yawan nasu kuwa tarihi ne ya jawo. Tun da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a har tsawon ƙarnoni, Latin kuma yana hannun malaman coci da masana. Turanci ya yi ta kwasa daga kowanne bai yar da nasa ba, har abu ɗaya ya tashi da suna huɗu ko biyar, kowanne ya kama wurin zamansa.

Akwai waɗanda ba ruwansu da hukunci, yawa kawai suke nunawa. Plentiful ta yau da kullum ce, irin ta hatsi a kasuwa lokacin kaka. Abundant ta fi ta shiga littafi, ana faɗarta ga ruwan sama da ma'adinai, tushenta kuma kalmar Latin ce mai nufin igiyar ruwa, wato abin da ya cika ya tumbatsa. Ample ba ta kai su ba, abin da ya isa ne har da ɗan rara. In malami ya ce an ba ku ample time, yana nufin ba ku da uzurin makara. Copious ki ajiye ta don rubutun da kike yi a aji, copious notes. Profuse kuwa ta abin da ke kwarara ce daga jikin mutum ko bakinsa: jini, gumi, ban haƙuri, godiya. Ba a cewa abinci profuse ne.

Wadda na fi so ki kula da ita ita ce lavish, don baki biyu gare ta. Daga tsohon Faransanci ta zo, inda lavasse ke nufin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. In aka ce mutum lavish host ne, an yabe shi: hannunsa a sake yake, baƙonsa ba ya tashi da yunwa. Amma ki buɗe jaridunsu ranar da aka yanke wa wani hukunci kan damfara, za ki ga an rubuta cewa ya saci kuɗin ne don ya riƙa gudanar da lavish lifestyle. Kalmar ba ta sauya ba. Abin da ya sauya shi ne kuɗin wa aka kashe, kuma a kan wa. Wanda ya zuba wa wasu nasa, karimi ne. Wanda ya zuba wa kansa na wasu, ba sai na faɗa miki sunansa ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare ki. Ranar sunan da gwaggonki ta cika gida da tuwo da waina, kowa cewa ya yi an yi wadata, Allah ya ƙara buɗi. Da wata ta kuskura ta ce an yi facaka ko wadaƙa da abinci, ai da har yau ba sa ga maciji. Abincin ɗaya ne, yawansa ɗaya ne.

Prodigal ita ce mafi nauyi. Mubazzari ke nan, mai watsar da dukiya har ta ƙare. Turawa sun fi saninta ta labarin da ke cikin Linjilar Luka, sura ta 15, na ɗan da ya karɓi rabonsa na gado tun mahaifinsa na da rai, ya je wata ƙasa ya cinye, yunwa ta koro shi gida. Saboda labarin ya ƙare da dawowa, da yawa daga cikinsu yanzu sun ɗauka kalmar na nufin wanda ya daɗe bai zo gida ba. Za ki ji ana yi wa ɗan ƙwallon da ya koma tsohuwar ƙungiyarsa laƙabi da ita. Ke dai ki riƙe ma'anar asali. Kin tuna a Islamiyya an bambance muku israfi da tabziri, na farko wuce kima a abin da ya halatta, na biyu zuba dukiya inda bai dace ba? Ba daidai wa daida suke ba, amma in kin ɗora extravagant kusa da israfi, prodigal kusa da tabziri, ba za ki yi nisa da gaskiya ba.

Luxuriant da luxurious ɗalibaina sun sha faɗa wa ramin nan a jarrabawa. Ta farko ta abin da ke tsiro ce ya yi yabanya, kamar gashi ko ciyayi. Ta biyu ta jin daɗi mai tsada ce, otal ko mota. Opulent dukiya ce da ido ke gani, fada mai ado da ruwan zinare. Sumptuous ta fi karkata ga abinci da tufafi, kuma yabo ce, ko da yake tushenta na nufin kuɗin da aka kashe. Daga tushen nan ne aka samo sunan dokokin hana almubazzaranci, sumptuary laws. A 1363, zamanin Sarki Edward na Uku, majalisar Ingila ta kafa wata da ta ƙayyade irin tufafin da kowane mataki na jama'a zai sa, har da abincin da za a ba barori. Ba ta yi ƙarko ba.

Fulsome kuwa ki rabu da ita gaba ɗaya. Wasu na amfani da ita da nufin yabo mai yawa, wasu na jin ta a matsayin yabon fadanci mai gundura. Su kansu masu harshen ba su daidaita ba, ke me zai kai ki?

A takardarki ki rubuta generous. Ki gode mata kan generous hospitality, ki ambaci abinci ɗaya da ya burge ki, ki tsaya nan. Mutanen can sun fi son a rage magana da a cika ta, kuma lovely ɗaya ta fi musu manyan kalmomi uku. Nan gaba in kin haɗu da sabuwar kalma, kada ki rubuta ma'anarta kaɗai. Ki kwafe jimlar da kika tsince ta a ciki, ki lura da kalmomin da ke gefenta, da kuma ko mai maganar yana yabo ne ko yana suka.

Mamanki na gaishe ki, ta ce ki faɗa mata ko yaji da kukar da aka ba ki sun ƙare, don akwai mai tahowa wata mai zuwa. Ƙannenki duk suna gaisuwa. Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'ar karatu.

Mahaifinki.