A Gyara Yadda Ake Hira da Mawaƙanmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana kan hirarrakin da ake yi da mawaƙa, makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo, a jaridu da gidajen rediyo na nan Yamai har zuwa Facebook. Abin yana ci mini rai. Sai a zaunar da mutumin da ya yi shekara talatin yana goge, a ba shi minti ashirin, a ƙarar da su kan mata nawa gare shi, wa ya ba shi mota, me ya haɗa shi da wane. A tashi ba a ma tambaye shi wanda ya koya masa ba.

A dubi marigayi Malam Mamman Barka, da ya rasu a 2018. Ya yi suna da gurumi, amma ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna gaban tsohon makaɗi Bukar Tar ya koyi biram, abin kiɗan ƙabilar Buduma mai tsirkiya biyar da ya kusa ɓacewa. Irin wannan ilimi a ƙirjin mutum yake, in ba a tambaya an ɗauka ba, da shi za a rufe. Haka Ɗan Gurmu na Tawa, wanda ake gasar waƙa ta ƙasa da sunansa tun 1987: matasa nawa ne yau za su iya faɗin yadda yake tsara waƙa?

Aikin yana farawa ne tun kafin a haɗu. Mai hira ya saurari waƙoƙin mutumin aƙalla biyar, har da ta farkonsa in ana samu, ya rubuta baiti biyu ko uku da bai gane ba. Da su zai buɗe baki. Mawaƙi in ya ji an kawo masa ɗangon waƙarsa daidai, zamansa ma sai ya gyara, domin ya gane wanda ya san waƙarsa ne a gabansa. Tambaya irin ta "faɗa mana tarihinka" kuwa haddar da ya saba yi wa kowa za ta jawo.

Tambayar farko mai amfani ita ce gado ne ko haye. In gado ne, a bi salsala: uba, kaka, gidan sarautar da suke wa kiɗa, ko rukunin da suka riƙe, mahauta ne, manoma ne ko 'yan kokowa. In haye ne, wa ya bi, shekara nawa ya yi yana amshi ko ɗaukar kaya kafin a bar shi ya ja waƙa. Daga nan a shiga cikin waƙar kanta. Amshi ne ke fara zuwa ko kiɗa? Wa ke kawo masa sunayen iyaye da kakannin wanda zai wasa, shi ko sanƙira? In ya yi habaici, wa aka nufa, kuma me ya hana shi fitowa fili ya yi zambo? Sannan kuɗi, wanda ake jin nauyin tambaya alhali nan rigimar take: in an yi kari a wajen biki, yaya ake rabawa tsakaninsa da 'yan amshi da makaɗa?

Kada a bar kayan kiɗan a jingine jikin bango. A ce ya ɗauko gogen ya nuna: ƙoƙon, fatar guza da aka rufe shi da ita, izgar doki, jakin da ke ɗage tsirkiya, ƙaron da ake goga wa izga don ta kama. A tambaye shi me yake yi da damina in fata ta sha raɓa ta saki, murya ta dushe. Zai gaya maka yana kara ta kusa da garwashi ko ya shanya a rana, kuma in ya wuce kima ta tsage. Amsa irin wannan ta minti biyu ta fi awa guda ta gulma. Matasa masu jita ma haka. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma waƙoƙinsa ta katin waya suka fara yawo daga hannu zuwa hannu. Da ba a tambaya ba, da ba a sani ba.

Wajen ɗauka ake yawan yin asara. Makirfo ko waya ta zauna taƙi ɗaya daga bakin mai magana. In za a buga kalangu a matsar da makaɗin kamar mita biyu, in ba haka ba kiɗa ya danne murya, kuma ba gyara daga baya. A kashe fanka, a rufe layin waya don kada kira ya katse ɗauka, a gwada minti ɗaya a saurara da abin kunne kafin a ci gaba. Mai hira ya fara da faɗin rana, wata, shekara, gari da cikakken sunan baƙonsa. Awa ɗaya ta murya mai kyau, wadda ba a matse ba, tana cin kusan megabait 300, saboda haka a duba wuri tun a gida. A ajiye kofi biyu a wurare daban, kada a dogara da wanda aka tura ta WhatsApp. Muna da CFPM Taya, cibiyar koyar da kiɗa, muna da IRSH, cibiyar binciken al'adu da tarihi, da CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, duk a nan Yamai. Hira da tsohon makaɗi ta cancanci a kai musu kofi.

Ban ce kada a taɓa rayuwar gida ba. A taɓa ta inda ta haɗu da sana'a. Zabiya a tambaye ta yadda aure ya tsayar da ita ko ya bar ta, da abin da danginta suka ce ranar da ta fara. Tsoho a tambaye shi da me yake ci yanzu da murya ta ja baya, ko ya yi rajistar waƙoƙinsa a BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka ta Nijar, ko an taɓa biyansa haƙƙinsa. Irin waɗannan a bar su sai ƙarshe, bayan an saba, kuma a gaya masa tun farko yana da ikon cewa a wuce. Abin da ya faɗa bayan ya ce a kashe na'ura amana ne.

Mafi muni shi ne yanko daƙiƙa talatin daga hirar awa guda, a ɗora mata kan labari mai zafi. Da haka ake haɗa mawaƙa biyu faɗa, kuma wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya sake sakin baki da ɗan jarida. Ina roƙon ka, Malam Edita, ka ware shafi ɗaya kowane wata don doguwar hira, a fara da tsofaffin Ader, Arewa da Damagaram tun suna da ƙarfin magana, a karanta wa wanda aka yi hirar da shi abin da aka rubuta kafin a buga.

Wassalam,
Mai karatunku, daga Yamai