Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Kiwon Lafiyar Jama'a Kan Ciwon Dajin Huhu

Mai girma Minista, ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne a jihar Tahoua, kuma bana shekara 12 ke nan da aka yanke mini wani sashe na huhun dama saboda ciwon daji. Tsawon rai na Allah ne, amma sanadin da ya sa na kai yau bai wuce nacin wani matashin likita ba, kuma ba na jin ya dace rayuwar mutane ta rataya ga dacewa da irin wannan likita.

Na sha sigari kusan shekara 30. Da tari ya kama ni ya ƙi tafiya, sai aka gwada majinata har sau biyu ba a ga ƙwayar tarin fuka ba, amma duk da haka aka ɗora ni a kan maganinsa, na shanye na wata 6 cif, ina ramewa, ina tofar da jini jefi-jefi. Ban ga laifin ma'aikatan da suka duba ni ba, domin tarin fuka shi ne abin da suke gani kullum, shi ke da magani kyauta da rajista da mai bibiya. Wancan matashi ne ya dubi hoton ƙirjina ya ce in tafi Yamai a yi mini sikana. Aka tarar da ƙari da bai kai ƙwan zabo ba, bai kuma bazu ba tukuna. Garkar albasar da na gada ita na sayar aka yi mini aiki a ƙasar waje.

Ranka ya daɗe, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 mutum kusan miliyan 2.5 ne suka kamu da dajin huhu, ya kashe kimanin miliyan 1.8, wato babu wani daji da ya kai shi kisa. Kusan kashi 85 cikin 100 taba ce sanadinsu. Sauran kuma bai kamata a manta da su ba a ƙasa irin tamu, inda mata ke wuni cikin hayaƙin itace a madafa, inda kuma muke da mutanen da suka yi shekaru suna aiki a ramukan yuraniyom na Arlit da Akokan, alhali iskar radon, wadda ke fitowa daga duwatsun yuraniyom, tana cikin sanannun abubuwan da ke haddasa wannan ciwo. Su kuma samarin da suka rungumi shisha suna cewa ba taba ba ce, sai dai mu ce Allah ya ganar da su.

Muguntar ciwon ita ce shirunsa. A Amurka, cikin waɗanda aka gano nasu tun bai fita daga huhu ba, sama da kashi 60 cikin 100 sukan wuce shekara 5 a raye, amma idan ya riga ya kai ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa, adadin yakan faɗo zuwa kusan kashi 10. Wani babban bincike da aka wallafa a can a 2011, kan mutane fiye da 53,000, ya nuna cewa duba manyan mashaya taba da sikana mai ƙarancin haske ya rage mace-mace da kashi 20 cikin 100 idan aka kwatanta da hoton ƙirji na yau da kullum. Shi ya sa hukumomin lafiya a can suke shawartar masu shekara 50 zuwa 80 da suka sha kwali ɗaya a rana na tsawon shekara 20 su riƙa yin gwajin duk shekara.

Na san halin da baitulmali yake ciki, don haka ba zan nemi a yi wa kowane mashayi sikana ba. Abin da nake roƙo ya fi haka sauƙi. A sa umarni a rubuce ga cibiyoyin tarin fuka na ƙasa baki ɗaya, cewa duk wanda ya haura shekara 40, aka gwada shi ba a ga ƙwaya ba, ko ya sha magani wata 2 bai ji sauƙi ba, a tambaye shi tarihin shan taba da irin aikin da ya yi, a tura shi gaba da takarda, a kuma rage masa kuɗin sikana da na gwajin tsoka. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin ciwon daji da haske tun 2021, abin da muka yi murna da shi matuƙa, to amma mutumin Abalak ko Keita da zai yi tafiyar ɗaruruwan kilomita yana bukatar wanda zai nuna masa hanya tun ciwon yana da magani.

Dokar yaƙi da taba ta 2006 tana nan, sai dai duk wanda ya zauna a tasha ko fada ya san yadda ake sayar wa yara sigari kara-kara. A nan ma ina roƙon a tashi tsaye.

Roƙona na ƙarshe ya shafi irinmu da muka tsira. Mutanenmu sun ɗauka daji hukuncin kisa ne, shi ya sa wasu ke ɓoye tari da jini, suna yawon neman maganin sammu har lokaci ya ƙure. Idan Nuwamba ya zo, watan da duniya ta keɓe don wayar da kai kan dajin huhu, a buɗe mana gidajen rediyon karkara mu yi magana da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci. Ni dai numfashina ba ya kai ni hawan bene, amma ina iya zama gaban makirfo na sa'a guda, kuma a shirye nake duk ranar da ofishinka ya kira.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka cikin girmamawa,
Wani malami mai ritaya, Tahoua