Godiya ga masu waldar da suka yi wa ƙaramar taraktata hannuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga maigidan shagon walda da ƙere-ƙeren ƙarfe da ke wajen Ƙofar Ruwa a Kano, da duk yaran da ke aiki a ƙarƙashinsa.

Maigida, ranar da na kawo cikon kuɗinku na ce maka zan rubuta takarda in sa inda jama'a za su gani. Ka ce in har dole ne sai na rubuta, to kada in sa sunanka ko na shagon, don ba ka son abin ya koma talla. Na riƙe maka wannan alkawari. Amma in yi shiru gaba ɗaya, hakan ba zai yiwu ba, domin yabon gwani ya zama dole, kuma abin da na gani a wurinku na daɗe ban ga irinsa ba.

Ni manomi ne a yankin Kura. Da damina ina shinkafa, da rani kuma tumatir da albasa da ruwan da ke zuwa mana daga madatsar Tiga, sannan ina da 'yan shanu na turke a bayan gida. Shekarun baya na sayi ƙaramar tarakta wadda aka taɓa amfani da ita, Kubota mai ƙarfin doki 25, ba irin manyan Massey Ferguson 375 da ido ya saba da su ba. Tana yi min huɗa, tana jan tirela, ba ta shan mai da yawa. Abu ɗaya ya tsaya min a rai, shi ne lodin taki. Duk wanda ya yi kiwon turke ya san yadda taki ke taruwa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai na bi gida-gida ina neman samarin da za su riƙe shebur a ranar watan Afrilu, da yawansu kuma sun tafi ci-rani. Tarakta tana tsaye, direba yana zaune a inuwa, ana jiran mutum huɗu su cika tirela ɗaya. Shi ya sa na ƙudura in yi mata hannuwa da bokiti a gaba, ta riƙa ɗiba da kanta. Na tambayi na kamfani da ake kawowa daga waje, amma bayan faɗuwar naira a 2023 kuɗin da aka faɗa min ya kusa abin da na sayi taraktar da shi. Sai na koma ga masu waldarmu na gida.

A nan na sha wahala, kuma sai na faɗe ta za a gane dalilin wannan godiya.

Mutumin farko da na kai wa aikin ko tef bai ɗauko ba. Ya zagaya taraktar sau ɗaya, ya buga tayar da ƙafa, ya ce, "Alhaji, wannan ai an gama, mako biyu ka dawo." Ya karɓi kafin alƙalami mai kauri, babu rasit, babu shaida. Mako biyun nan sai da ya zama wata huɗu. Yau babu wuta, gobe janareto ya lalace, jibi wani ya ari injin yanka bai dawo da shi ba. In na kira waya sai yaro ya ɗauka ya ce oga ya fita. Sau nawa na baro gona na shigo gari na tarar da ƙarafuna a jibge inda na bar su, har sun fara tsatsa! Taraktar kuma tana can a tsare, lokacin kai taki yana wucewa a kan idona. Da ya gama, a ido abin ya yi kyau, an shafe shi da jan fenti, bokiti ƙato kamar yadda na roƙa. Ranar farko da muka cika shi da taki, ƙafafun baya suka ɗaga sama, sitiyari ya yi tauri. Rana ta uku walda ta buɗe a gindin hannun dama, hannun ya lanƙwashe, tiyo ya fashe, mai ya yi feshi ta gefen fuskar ɗana, don shi ke tuƙi. Allah ne kawai ya tsare. Da na koma masa sai ya ce ni na yi lodi fiye da kima. Na kai wa wani na biyu, shi kuma ya ɗora walda kan walda, ya karɓi nasa, abin bai yi mako ba ya sake buɗewa a wuri ɗaya. Na kwance shi na jefar a bayan turke, ya kwashe damina guda a can.

Wani maƙwabcina mai tifa ne ya kwatanta min ku, ya ce ku kuka gyara masa jak ɗin da ke ɗaga bodi. Na zo ne jiki a sanyaye. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Ka haɗa ni da babban yaronka, wannan dogon mai yawo da tef a ƙugu da alli a aljihu. Kan sa nake son in tsaya, don shi ne dalilin rubutun nan. Na nuna masa hoton taraktar a waya na ce nawa ne. Ya ce, "Baba, ba zan iya yi maka kuɗi a kan hoto ba, sai na ga taraktar da idona." Na ɗauka zance ne irin wanda na saba ji. Ranar Asabar da hantsi sai ga shi a ƙofar gidana, ya shigo motar haya da kuɗinsa. Ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashin taraktar ya fi rabin awa, yana awo yana rubutawa a ɗan littafi. Sannan ya fara tambayoyi da babu wanda ya taɓa yi min. Me za ka riƙa ɗauka, taki kaɗai ko har da yashi? Takin jiƙaƙƙe ne ko busasshe? Tsayin tirelar nawa ne daga ƙasa? Wa ke tuƙi, ya daɗe yana yi? Har turken ya shiga ya duba faɗin ƙofar, ya ga ko tarakta za ta iya juyawa da bokiti.

Sai ya kira ni ya nuna min inda aka ɗaure tsohon. Ya ce irin wannan ƙaramar tarakta ba ta da dogon shasi daga gaba har baya kamar babbar mota. Jikin injin da gidan giya su ne ƙashin bayanta, kuma ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage, in ya tsage kuma waldarsa aiki ne ja. Tsohon aikin ya ɗora duk nauyin a kan ƙusoshi biyu a kowane gefe, har ramin ɗaya ya fara faɗaɗa. Ya sa yatsana a wurin na ji da kaina. Ya ce da waldar hannun ba ta riga ta buɗe ba, da taraktar ce za ta karye a tsakiya. Gabana ya faɗi. Maganin da ya kawo shi ne a ƙera shimfiɗar ƙarfe da za ta bi ta ƙasa har ta kama gatarin ƙafafun baya, yadda nauyi zai rabu a jikin taraktar duka.

Inda muka ɗan yi ja-in-ja shi ne girman bokiti. Ni babba nake so. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan kam ba zan yi maka ba." Ya zana min a ƙasa da tsinke. Ya ce akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare in aka cika shi da yashi zai kai tan ɗaya da rabi, taraktar taka kuwa ita kanta tan ɗaya ce da ɗan wani abu. Ya ce matsalar ba ƙarfin ɗagawa ba ce, domin jak mai faɗin santimita 5 yana iya tura kusan tan 3 da matsin man da famfon tarakta ke bayarwa. Wanda zai sha wuya shi ne gatarin gaba da ƙananan tayoyin nan da sitiyari. Don haka ya yanke bokiti mai faɗin ƙafa huɗu, daidai yadda zai rufe sawun tayoyin gaba, mai ɗaukar kamar kilo 300, wato buhun takin zamani shida. Na ce masa kuɗina ne fa. Ya ce, "Haka ne Baba, amma ɗanka ne zai zauna a kai." Daga nan ban ƙara cewa komai ba. Shekara da shekaru ina mu'amala da masu sana'a, ban taɓa samun wanda ya ƙi ƙarin kuɗi don ya faɗa min gaskiya ba sai wannan yaro.

Sauran aikin ya tafi yadda ya kamata. Kun rubuta min kowane abu da farashinsa, kun ba ni rasit. Bakin bokitin kun yi shi da tsohuwar wuƙar gireda don kada ƙasa ta cinye shi da wuri, kowace gaɓa kun sa mata wurin zuba giris, tiyo duk sababbi. Tsohon ƙarfen da na kawo kun zaɓi mai amfani, sauran kun auna kun rage min daga kuɗi, abin da ko a mafarki ban zata ba. Kun ce mako uku, ya zarce da kwana biyu, kuma tun kafin ranar ta cika yaron ya kira ni ya faɗa min dalili, don kada in yi asarar kuɗin mota.

Bai bar taraktar ta fita ba sai da aka rataya mata rabin duro cike da kankare a baya, inda ake ɗaura garma, don ya danne ƙafafun baya. Aka loda buhunan yashi a bokiti a gabana, aka ɗaga, aka sauke, aka bar shi a sama na ɗan lokaci a ga ko zai zame. Sannan ya ja ɗana gefe. Na tsaya nesa kaɗan ina jin su. Yana ce masa, "Ƙanina, in ka ɗauki kaya ka tafi da bokiti ƙasa-ƙasa, kada ka ɗaga sai ka iso bakin tirela, musamman a kan kunya ko gangare. Kada ka ɗauki mutum a ciki ko da wasa, kada kowa ya tsaya a ƙarƙashinsa, in za ka sauka ka ajiye shi a ƙasa tukuna." Ya ƙara masa da wani abu da ni ma ban sani ba. Ya ce in kana zargin tiyo yana yoyo, kada ka shafa da hannu, ka kara kwali. Man nan in yana cikin matsi yana huda fata kamar allura, ramin ɗan ƙarami amma yana iya jawo a yanke yatsa in ba a garzaya asibiti ba. Na tuna ranar da mai ya yi feshi ta gefen fuskar yaron nan, sai da idona ya kawo ruwa.

Bayan mako biyu wata mahaɗa ta fara ɗigo. Na kira, a raina ina cewa yanzu za a fara ɓuya. Washegari ya zo da roba sabuwa, ya canza, ya bi duk ƙusoshin ya ƙara ɗaure su. Na miƙa masa kuɗi ya ce aikinsu ne, yana cikin wanda na riga na biya. Da ƙyar ya yarda ya karɓi kuɗin mota, ya ci tuwo ya tafi.

Bana na kai takina gona duka cikin kwana huɗu, ni da ɗana, tun kafin hadarin farko. Har maƙwabta biyu na yi wa lodi.

Abin da ke ci min rai, Maigida, shi ne me ya sa samun irinku ya zama sai an yi dace. Hannu muna da shi a ƙasar nan. Kano garin maƙera ne tun kaka da kakanni, kuma yau ma a lunguna ana ƙera injin casa da na niƙa da na ɓare gyaɗa. Amma sai ka ga injin casa babu murfi a kan bel, yara suna zagaya shi, babu wanda ya tambayi maƙerin. Sai ka ga an shafe waldar da ba ta kama ba da fenti, mai kaya ba zai sani ba sai ranar da ta buɗe. Yaro ya yi shekara biyar a shago ya iya riƙe kan walda amma bai iya karanta tef ba, don ogansa ma da ido yake awo. Alkawarin rana kuwa ya zama abin da ake faɗa don a sallami mutum kawai. Mu ma masu kawo aiki muna da namu laifin, muna matsa wa mai sana'a ya rage kuɗi har ya koma sayen ƙarfe marar kauri, alhali mun san araha ba ta ado. Haka abin yake har sama. Sau nawa ake shelar an shigo da taraktoci, a yi biki, bayan 'yan shekaru ka gan su a jere a bayan ofis tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ta cikinsu, don ƙaramin abu ya lalace babu mai kula? Manomi ya biya kuɗin huɗa ya yi ta jira har ruwa ya yi nisa. Da za a ɗauki ɗan abin da ake kashewa a bukukuwan nan a horar da yara irin naka, su iya lissafin nauyi da awo, da ƙananan manoma ba mu tsaya kallon kayan waje da ba za mu iya saya ba.

Ina roƙonka ka riƙe yaron nan da kyau, ka kuma bar shi ya koya wa na ƙasa da shi. Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da wuta, ya jiƙan iyayen da suka yi muku tarbiyya. Ka gaya masa zancen da muka fara na yatsun ƙarfe biyu da za a riƙa sawa a madadin bokiti don ɗaukar damin harawa da buhunan shinkafa yana nan. Na auna tsayin damin kamar yadda ya ce in yi, kuma in Allah ya kai mu bayan kaka zan kawo taraktar.

Naku,
Wani manomi daga yankin Kura.