Zuwa ga Bazazzagin Fatakwal

Assalamu alaikum mutumina,

Bazazzagi ashe kana nan da ranka? Tun babbar sallah rabon da a ji ɗuriyarka, sai shekaranjiya na ga saƙo layi biyu babu ko "ya Hajiya", wai ya maganar filin nan, wai kuma me Kanawa ke cewa a kan 'yan sandan jihohi. Haka ake gaisuwa a Tudun Wada? To Hajiya lafiyarta ƙalau, ƙafar ce dai kamar yadda ka sani, ta ce in gaya maka in kifin Fatakwal ne ya riƙe ka to ka aiko mata ko busasshe ne ta yafe. Ya uwargida da yaran, ya ruwan saman naku da ba ya ɗaukewa?

Maganar fili a bar ta tukuna. Bari in fara da abin da ya tsaya min a rai dan na san babu wanda ya faɗa maka. Auta na gidan Goggo yana gidan yari. Eh Autan dai da ka sani, wanda kake aika sayen ƙosai ya cinye rabi a hanya. Tun kafin azumin bara yake ciki. An yi ƙwacen waya a bakin titi da daddare aka sari wani bawan Allah, washegari aka zo kame, duk matashin da aka tarar a inda masu adaidaita sahu suke zama aka watsa shi a mota. Waɗanda iyayensu suka iya motsawa a ranar sun kwana a gida, duk da ga rubutu nan ɓaro-ɓaro a bangon caji ofis ɗin cewa beli kyauta ne. Goggo me take da shi banda injin markaɗe? Kafin mu haɗa kanmu an kai su kotun majistare an karanta musu haɗa baki da fashi da makami, alƙali ya ce ba shi da hurumin sauraron irin wannan, a ajiye su sai shawarar ma'aikatar shari'a ta fito. Har yau da nake maka rubutun nan shawarar ba ta fito ba, yau a ce fayil yana wajen 'yan sanda, gobe a ce an tura, jibi a ce ba a gani ba.

Ni ban ce maka Auta waliyyi ba ne, ka san bakinsa. Amma in ya yi a yi masa shari'a a yanke, in bai yi ba a sake shi, wannan zaman da babu ranar ƙarewa shi ne yake kashe mutum. Ranar da aka sa za a dawo kotu Goggo tun da sassafe ta zo da kular tuwo ta zauna a gindin maina, duk motar da ta shigo sai ta miƙe tana leƙe, har aka kira azahar, sannan wani ma'aikaci ya zo ya ce mana yau motar gidan yari ba ta fito ba, ba mai. Aka ɗage. Ta ɗauki kularta ba ta ce komai ba. Da na je ziyara kuwa, bayan an sa na ɗanɗani abincin a ƙofa kamar yadda ake yi, aka fito da shi, wallahi sai da na ɗauke kai. Tsakanin yatsunsa duk ƙazuwa, yana magana yana susa, ya ce barci ma bi da bi suke yi dan ɗakin ba ya ɗaukar kowa a kwance. Abin da ya fara tambaya wai mai adaidaitar ya ba wani ko yana jiransa.

Shi ya sa yanzu duk zaman majalisa da ya shafi 'yan sanda ko gidan yari ko kuɗin shari'a sai na nemo na saurara, har su Dogo suna ce min sanata. Ka tuna bidiyon nan na Disambar 2023 lokacin kare kasafin kuɗi, da shugaban hukumar gidajen gyaran hali na lokacin Haliru Nababa ya zauna gaban kwamitin majalisa na Sanata Oshiomhole aka ji cewa karen hukumar naira 800 ake ciyar da shi a rana, fursuna kuma 750? Ranar kowa ya yi ta yaɗawa. Daga baya a 2024 aka ƙara zuwa 1,125. Kai da kake zuwa cefane ka gaya min me 1,125 za ta yi a ci sau uku, ga ɗan kwangila zai cire ribarsa a ciki ga kuɗin makamashin girki. To ai dole gabza ta zama gabza. Na ji daɗi da aka yi maganar kam, amma abin da ya fi ci min rai shi ne tambayar da ta fi wannan girma ba ta samun irin wannan hayaniyar. Mutanen da ke tsare a ƙasar nan sun kai wajen dubu 80, kuma kusan biyu cikin uku ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke irin Auta. Da za a yi wa waɗannan shari'a a kan lokaci ai kuɗin abincin ma da ya fi isa, ɗakunan ma da sun ɗauki mutane.

Kuma wallahi dokokin suna nan fa, na sa wani lauya abokin aikin ƙanena ya zaunar da ni ya yi min bayani. Kundin tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin awa 24 in akwai kotu a kusa, in babu 48. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da Jonathan ya sa wa hannu ta ce babban majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata yana duba waɗanda ke bayan kanta, ta hana a kama uwa ko ƙane a madadin wanda ake nema, ta ce umarnin ajiye mutum kwana 14 ne sannan a dawo gaban alƙali a ba da dalili kafin a sabunta. Kano ma ta yi tata a 2019. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun 1943, ta ce kowane ofishin yanki a samu ɗan sanda wanda lauya ne, ta kuma hana kama mutum a kan bashi da rigimar ciniki. Dokar 2019 da ta canza wa gidan yari suna zuwa gidan gyaran hali har dama ta ba shugaban hukumar na jiha ya ƙi karɓar sababbin mutane in wuri ya cika maƙil. Ka ga duk majalisa ce ta yi waɗannan kuma ta kyauta. Amma majistaren da zai yi zagayen da wace mota, wa ya ware masa kuɗin mai? Lauyan gwamnati da fayil ya yi masa tsibi a tebur mutum nawa aka ƙara masa? Hukumar ba da lauya kyauta tun 1976 take, je ka ofishinsu na kowace jiha ka ƙirga lauyoyin. Doka kamar rijiya ce aka haƙa mai ruwa aka hana guga.

Kafin in manta, Dogo ya ƙara aure. Eh. Wanda ya rantse mana a gaban mai shayi cewa shi da ƙari har abada. 'Yar Gwammaja ce, malamar asibiti, an ɗaura bayan sallar Juma'a kuma ya ce kai kaɗai ne ba ka aiko da gudummawa ba, na ce masa ai Bazazzagi sai an bi shi da kwano. Mai shayin ma ya tashi daga kwanar, an rushe rumfar, ya koma bayan masallaci, shayin dai yana nan yadda ka bar shi. Malam Na'ibi ya yi jinya amma ya miƙe har ya ja mu asuba jiya.

To in koma. Abin da ya ƙara ɗaure min kai shi ne rabon aikin. Mafi yawan mutanen da ke ciki laifin jiha ake tuhumarsu da shi, kotun jiha ce ta tura su, ma'aikatar shari'ar jiha ce ke riƙe da fayil, amma ɗan sandan da ya kama na tarayya ne, gandiroban na tarayya ne, abincin ma tarayya ke biya. Wanda ke jan ƙafa ba shi ke biyan kuɗin tuwon ba, to me zai sa shi sauri? A Maris ɗin 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi dama su ma su yi nasu gidajen gyaran halin, tare da maganar jirgin ƙasa da lantarki. Lantarki gwamnoni sun yi ta rububi, gidan yari kuwa shiru kake ji, dan ba abin da ake yanke ƙyalle a yi hoto ba ne. Sai an yi abin kunya ake tunawa da su. Kuje a Yulin 2022 aka fasa mutum sama da 800 suka fita. Suleja a Afrilun 2024 ruwan sama ne kawai ya kayar da katangar, ginin zamanin Turawa, sama da mutum 100 suka gudu. Maiduguri a Satumbar shekarar ambaliyar madatsar ruwan Alau ta ci katanga wasu sama da 270 suka fice. Duk lokacin sai majalisa ta tashi a kafa kwamiti a kira minista, sai maganar ta koma ta siminti da kyamara.

Ministan cikin gida Tunji-Ojo a Nuwamban 2023 ya tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hali aka biya wa mutum 4,068 tara aka sake su, Allah ya saka. In ka raba bai kai dubu 150 a kan mutum ɗaya ba. Wato akwai dubban mutane da abin da ya raba su da iyalinsu bai kai kuɗin wayar hannunka ba, kuma sai da aka yi roƙo a waje, ba a kasafi aka samo ba. An ƙara wa alƙalai albashi da kashi 300 cikin ɗari a 2024, ni ina goyon baya ɗari bisa ɗari dan alƙali mai yunwa masifa ne, amma magatakarda da mai kai sammaci da lauyan talaka fa? Kuma kada a ce majalisa ba ta iya sauri. A Yulin 2024 gyaran dokar da ya ba sufeto janar na 'yan sanda damar cika shekara huɗu ko ya kai shekarun ritaya, a yini ɗaya majalisar dattawa ta yi masa karatu na ɗaya da na biyu da na uku. Da za a yi wa 'yan jiran shari'a rabin wannan himmar da Auta yana kan adaidaitarsa. Yaran nan namu na zanga-zangar Agusta da suka riƙa faɗuwa a kotu a Abuja ranar 1 ga Nuwamban 2024, aka sa musu belin miliyan 10 kowanne, ai kyamara ce ta cece su, kwana kaɗan shugaban ƙasa ya ce a sake su. Wanda babu kyamara a kansa fa?

Ku ma kuna da hannu a ciki mutanen Ribas, tunda yanzu ka zama ɗan can har da cin garin rogo da miyar da ba a san sunanta ba. Asusun tallafa wa 'yan sanda da aka kafa a 2019, wanda dokar ta ce a riƙa cire masa rabin kashi ɗaya cikin ɗari daga asusun tarayya, ai gwamnatin Wike ce ta kai ƙara, babbar kotun tarayya ta ce a 2022 cirewar ta saɓa tsarin mulki. Ban ga laifin ƙarar ba, amma ka ga ko kuɗin sayen mota da gyaran bariki ma rigima ake a kai, shi ya sa mai ƙara shi ke sayen takarda da biro da man mota, kuma daga nan ake fara cinikin.

'Yan sandan jihohi da ka tambaya, a nan an rabu biyu. Mutanen da ke da dangi a Katsina da Zamfara suna so, kuma ba na ganin laifinsu, wanda aka kora daga gonarsa ba zai jira umarni daga Abuja ba, ga shi Dikko Raɗɗa ya kafa nasa jami'an tsaron a 2023, Zamfara ta yi Askarawa a farkon 2024. Tsofaffi kuma irin Baba sai su tuno maka 'yan dokan En'e da abin da suka yi wa 'yan NEPU kafin a haɗe su da na tarayya a zamanin Gowon, shi har yau in ya fara labarin sai muryarsa ta canza. Ni dai nawa shi ne a yi, amma a rubuta a cikin dokar wa zai hukunta su in sun yi zalunci, a kuma sa ofishin kai ƙorafin a inda irin Goggo za ta iya zuwa da ƙafarta, da kuɗinsa a kasafi wanda gwamna ba zai iya riƙewa ba. Hukumar kula da aikin 'yan sanda tana Abuja, Goggo ko sunanta ba ta taɓa ji ba. An rushe SARS a Oktoban 2020 an kafa kwamitocin bincike a jihohi, mutum nawa ka ji an hukunta?

Yanzu dai abin da nake so da kai, wannan abokin naka lauya da kuka zo tare bikin ƙanwata, mai gilashin nan, in har yanzu yana Kano ka turo min lambarsa yau ɗin nan, an ce in aka shigar da buƙatar beli a babbar kotu za a iya tilasta a fito da fayil ɗin. Mun fara haɗa kuɗi ni da Dogo da Yaya Babba, naka kason ba sai na faɗa ba. Kuma ka kira Goggo ko minti biyu ne, tana yawan tambayarka, kada ka nuna mata ni na gaya maka halin da na gan shi a ciki, ita ce mata muke yana lafiya.

Ka gaida uwargida, ka shafa min kan yaran. In za ka zo da azumi ka faɗa da wuri a gyara ɗakin soro.

Wassalam,
naka na Kano