Wasiƙa Ga Ɗiyata Mai Jinya A Yawunde, Kan Batun Man Kwakwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗiyata, bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Malam? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan Garwa lafiya lau muke, sai zafi.

Ƙanenki ya kunna mini saƙonki. Na ji shawarar da aka kawo miki a unguwar Birketiri, wai Malam ya riƙa kurkure baki da man kwakwa kowace safiya, man zai zuƙo dafin cutar daga jini. Abin da ya hana ni barci shi ne ƙarshen maganar, inda kika ce wasu daga danginsa na cewa a ɗan dakata da kemo, wato ruwan maganin ciwon daji da ake ɗaura masa a asibiti, a gwada wannan tukuna. Shi ya sa na rubuta, don ki karanta a natse, ki kuma nuna wa wanda ya kamata.

Wannan al'ada daga Indiya ta fito, cikin tsohon maganin gargajiyarsu da ake kira Ayurbeda, kuma su da man riɗi suka fi yi, irin wanda ke cike a kasuwarmu. Daga baya ne man kwakwa ya yi suna a intanet. Ana ɗaukar cokali ɗaya, a yi ta juya shi a baki minti 10 zuwa 20, sannan a tofar. Kusan rabin man kwakwa wani sinadari ne mai suna lorik asid, wanda ke iya kashe wasu ƙwayoyin cuta, kuma maiƙon yana jiƙa bakin da ya bushe. Iyakar amfaninsa ke nan, a cikin baki. Ko a nan ma ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta ce babu ingantaccen bincike da ya isa ta ba da shawarar a riƙa yi. Za su nuna miki man ya koma fari kamar madara, su ce ga dafin ya fito. Yawu ne ya gauraya da mai. Ki gwada da kanki, ke da kike da lafiya, haka naki zai fito. Babu wata hanya daga jini zuwa cikin wannan cokalin, balle ya taɓa ciwon dajin.

Na san abin da ya sa zuciyarki ta karkata. Kina kallon bakinsa ya yi gyambo, ya kasa cin tuwo, kina neman abin da za ki yi masa da hannunki. A shekarun da na yi ina aikin jinya na ga mata da yawa cikin wannan hali, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba. Kemo yana farautar ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa. Na ciwon daji haka suke, amma na fatar cikin baki da na tushen gashi ma haka suke, shi ya sa gashi ke zuba, baki kuma ke fashewa kamar mako guda bayan an ɗaura ruwan. Yawanci yakan warke kafin zagaye na gaba. Gyambon nan ba alama ce ta maganin ya ƙi shi ba, kada kowa ya ruɗe ki da haka.

To, in Malam na son gwada man, ban hana ba, amma sai kin tambayi likitansa tukuna, ki faɗa masa gaskiya ba tare da jin kunya ba. Tsorona ɗaya ne, kuma babba ne: ƙwarewa. Mutumin da ya galabaita, yana tashin zuciya, yana tari, in ya riƙe mai a baki tsawon lokaci, ɗigo na iya bin hanyar iska ya sauka huhu. Huhu ba ya iya fitar da mai cikin sauƙi, sai ya kumbura ya zama wani ciwon na daban a kan wanda ake fama da shi. Don haka ranar amai ba a yi, a kwance ba a yi, in haɗiya na yi masa wuya a bar shi gaba ɗaya. In likita ya yarda, ƙaramin cokali ya isa, yana zaune sosai, na ɗan lokaci, ya tofar a gwangwani, kada ya haɗiye. Ki sayi mai tsabta a rufe, ba na awo a buɗaɗɗiyar kwalba ba. In kika ga ya daskare da sanyin safiyar Yawunde, bai lalace ba, haka yake yi in sanyi ya kai ƙasa da digiri 24.

Abin da na fi so ki riƙe ya fi man araha. Ki tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, ki zuba ƙaramin cokali na gishiri da ƙaramin cokali na bikarbonat na kantin magani, ya kurkure baki bayan kowane abinci da kafin kwanciya. Bikarbonat na ce, ba kanwa ba, don na san za a ce miki duk ɗaya ne. Buroshi mai laushi irin na yara zai yi amfani da shi, a hankali. Na san yadda yake son asawakinsa, amma in dasashi na zubar da jini ya ɗan ajiye shi. Yaji, tsamiya, lemun tsami, goro da shayi mai ƙuna duk su jira. Ki dama masa kunun gyaɗa ya huce, ga ƙwai dafaffe da romon kifi. Nonon da ba a tafasa ba kada ya shiga furarsa yanzu, domin garkuwar jikinsa ta yi ƙasa.

In kika ga farin abu ya lulluɓe harshe kamar guntun kindirmo, wannan yana da maganinsa a asibiti, mai ba ya kawar da shi. Zazzaɓi kuwa, ki sayi ma'aunin zafi ki ajiye kusa da gado. Da ya kai digiri 38 ku tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne, kada ki ba shi farasitamol ki jira gari ya waye.

Game da dangi, kada ki yi musu da kowa, surukanki ne kuma ƙauna ce ta sa su magana. Ki karɓi man, ki yi godiya. Babanki zai kira yayan Malam su yi magana ta manya, cewa ranar kemo ba za ta motsa ba sai in likita ne ya ɗaga ta. Addu'a muna yi ba dare ba rana, an kuma yi saukar Alƙur'ani ranar Juma'a.

Zan ba direban da ke zuwa Ngaundare gyaɗa da zuma ya sa miki a jirgin ƙasa. Ki aiko mini da ranar zagaye na gaba da abin da likita ya ce kan man. Ke ma ki riƙa cin abinci, ki bar ƙanwarsa ta karɓe ki ki runtsa. Ki gaishe da Malam da jiki, ki shafa mini kan yaran.

Taki,
Inna