Wasiƙa zuwa ga 'yata da ke aikin bishara a ƙasar Maraɗi

'Yata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da 'yar jikata, da duk waɗanda kuke aiki tare. Mu nan ƙalau muke, sai godiya. Ƙafar babanki ta yi sauƙi, har ya koma zuwa addu'ar safe a majami'a.

Saƙonki ya iso. Inda ya tsaya mini a rai shi ne inda kika ce kin bar gida don aikin bishara, amma ga shi kin ƙare a wankin gyambo da awon yara masu tamowa, ba wanda ya ba da gaskiya, mai cewa an gode ma sai an tona. Na ji gajiya a cikin maganar, kuma ban ga laifinki ba. Sai dai ba zan lallashe ki da cewa girbi na nan tafe ba, don ban san ranarsa ba. Yana iya zuwa a kan idonki, yana iya zama sai bayan ranki. Abin da na sani shi ne wankin gyambon nan da kike ganin ya tare miki hanya, shi ne aikin da aka aike ki yi, kuma ko da ba wanda ya taɓa shiga majami'a ta dalilinsa, bai faɗi ƙasa banza ba.

Ki buɗe Luka sura 17. Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya tak ya komo ya yi godiya. Ya tambayi ina sauran taran, amma bai mayar musu da kuturtarsu ba. Suka tafi gida da lafiyarsu. Haka ma daren da ya ɗaura tawul ya zuba ruwa a kwano, a Yahaya sura 13, ƙafafun Yahuza na cikin waɗanda ya wanke, alhali ya san inda ƙafafun nan za su nufa kafin gari ya waye. To ke da ni, wa ya ba mu ikon mu tsaya muna lissafin wanda ya cancanci hidimarmu?

Tsohuwar nan da kika ce tana zuwa da gyambon tafin ƙafa, kullum ki wanke ki ɗaure, ta komo da shi ya ƙara ruɓewa, kada ki ɗauka taurin kai ne. Kuturta ta kashe mata jijiyoyin ji. Ƙaya na iya huda ta tun safe, ta yini tana takawa ba ta sani ba. Saboda haka ɗaure ciwon kaɗai ba zai yi ba. Ki zauna da ita a ƙasa, ki jiƙa ƙafar a ruwa marar zafi kamar minti 20, ki goge kaushi da taurin fata da dutse a hankali, ki shafa basilin tun ƙafar ba ta bushe ba don kada faso ya buɗe. Sannan ki ɗauki takalminta ki cusa hannunki ciki ki laluba. Sau da yawa can za ki iske tsakuwa ko kan ƙusa. Ki duba tafin hannunta ma, don irinsu sukan sauke tukunya daga murhu ba tsumma, su ƙone ba su ji ba. Ki koya wa jikarta ta riƙa duba mata ƙafar kowace yamma. Kuma don Allah, in ba ciwon kike taɓawa ba, ki cire safar hannu ki riƙe hannunta kuna gaisawa. Wanda ya fara shan magani ba ya ƙara yaɗa cutar, kin fi ni sanin wannan, kuma tun 1995 kyauta ake ba da maganin ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, a sha wata 6 ko 12. Amma tsohuwar nan, wataƙila ta yi shekaru kwanonta daban, tabarmarta daban, ba wanda ya taɓa jikinta da gangan. A shekarun da na yi ina jinya na ga mata irinta sun fashe da kuka don kawai an zauna tabarma ɗaya da su.

Kada ki zaci ke kika fara jin irin wannan nauyi. Samari uku ne suka sauka Legas a 1893 da nufin kawo bishara ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Shekara na zagayowa biyu suka rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida, ba su ga ko ikkilisiya ɗaya ba. Daga wannan mafari ƙungiyar mishan ta SIM, wato Sudan Interior Mission, ta fito. Bayansu Dokta Stirrett ya bar kantunan maganinsa a Kanada ya zo a 1902, ya zauna har ya rasu a Jos a 1948. Mutum ne mai wa'azi a kasuwa ba gajiya, amma sunan da Hausawa suka raɗa masa Bature Mai Magani ne. Abin da hannunsa ya yi musu suka riƙe. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna, sai a shekarun 1930 aka bar su su kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Can wajenku kuma asibitin Galmi ya buɗe a 1950, na kutare a Danja ya biyo baya a 1956, kuma har yau mafi yawan masu kwanciya a gadajensu Musulmi ne, su zo da addininsu su koma da shi.

Ba duk abin da aka yi a zamanin da ne nake yabawa ba. Na taɓa ganin ɗakin magani inda ba a buɗe tagar ba da ƙwaya sai an gama wa'azi, uwa na goye da ɗa jikinsa zafi rau, dole ta zauna ta saurara. Raina bai taɓa kwanciya da wannan ba. Alherin da aka ɗaura wa sharaɗi kamar tsabar da ake watsa wa kaza ne don a damƙe ta, kuma mutanen ƙauye ba wawaye ba ne, tun daga nesa suke gane shi. Ba cewa nake ki ɓoye bangaskiyarki ba, Allah ya sawwaƙe. Kowa a garin ya san ke Kirista ce. In kina so ki yi wa marar lafiya addu'a, ki nemi izininsa; da wuya ki samu mai ƙi. In an tambaye ki dalilin da ya sa kika baro Zariya kika zo nan, ki faɗa a sarari cikin tawali'u da ladabi, kamar yadda Bitrus ya ce. Amma wanda ya ce miki shi ba ya son jin komai sai allurarsa, ki yi masa allurar da fara'ar da za ki yi wa ɗan fasto.

Akwai kuma abin da ku yaran yanzu kuka ɗauka ba komai ba ne. Kada ki ɗauki hoton yaro haƙarƙari a waje, igiyar awo ta nuna ja a damtsensa, ki ɗora a Facebook ko ki tura a WhatsApp don masu ba da tallafi su gani. Na san kuna bukatar kuɗin. Amma ɗan wani ne, uwarsa ta kawo shi ne ki rufa mata asiri. In rahoto ake so, ki rubuta adadi da abin da aka kashe, ya wadatar. Matiyu sura 6 ta riga ta yi maganar hannun dama da na hagu.

Ki koyi karɓa, wannan ya fi bayarwa wuya ga mai ɗan ilimi. In matar Bafulatani ta miƙo miki ƙwaryar fura da nono, ki sha, ki yaba. In an aiko da ƙwai biyu ko 'yar albasa don godiya, kada ki mayar wai ai sun fi ki bukata. Mutuncinsu ne a ciki. Ki je suna, ki je ta'aziyya ki zauna har a yi addu'a a shafa. Da azumi kada ki ci abinci a gabansu, da yamma ki yi musu barka da shan ruwa, ranar Sallah ki karɓi nama. Ki rufe kanki, ki durƙusa wa tsofaffi. Wanda kullum shi ne mai bayarwa, ba a taɓa ba shi ba, har ya bar gari baƙo ne.

Na san abin da ya faru a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, da aka ƙona majami'u, yana ranki, don yana nawa. Ba na ce ki yi sakaci ba. Ki san maƙwabtanki, ki san mai gari, kada ki yi tafiyar dare. Amma kada tsoro ya sa ki yi wa mutane kuɗin goro. A Yunin 2018, da 'yan bindiga suka kai hari yankin ƙauyen Nghar Yelwa da ke Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi, tsoho mai shekara fiye da 80, ya ɓoye mutum sama da 200, akasarinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. Bai tambayi ko za su musulunta ba. Duk sa'ad da na karanta labarin Basamariyen nan na Luka sura 10, shi nake tunawa, ina kuma jin kunyar yadda wani lokaci muke magana kamar mu kaɗai Allah ya ba zuciya.

Sai batun jikinki. Yesu ma ya ce wa almajirai su koma gefe su ɗan huta, da jama'a suka hana su ko cin abinci. Ki ci, ki yi barci cikin gidan sauro, ki ware yini guda ke da maigidanki da yarinyar. Su ma hidimarki ce, kada su zama masu cin ragowar haƙurinki. Kuɗin magani kuwa amana ne, kada tausayi ya sa ki taɓa shi; in za ki taimaki wani, daga aljihunki, kuma da sanin mijinki.

Zumuntar mata sun sa ku cikin addu'a, sun kuma haɗa ɗan baiko don zannuwan jarirai. Zan haɗa da daddawa da kuka da yaji in ba direban da ke bi ta Jibiya ƙarshen wata. Ki sanar da ni lambar takalmin tsohuwar nan, akwai mai ɗinka na taya mai laushin ciki a Tudun Wada, sai in sa a cikin kayan. Babanki da ƙannenki suna gaishe ku.

Ni ce,
Mamanki