Amsa Ga Mai Tambayar "Wa Ke Kallon Ƙwallon Gora a Bauchi?"

Assalamu alaikum, Malam.

Na ji tambayar da ka jefo mini a shirinka na wasanni, bayan kiran da na yi na a riƙa tura yaranmu gwajin shiga tawagar ƙwallon gora ta ƙasa. Ka ce wa ma ke kallon wannan wasa a Bauchi. Sai ka yi dariya, ka ƙara da cewa ko dai kujerar jirgi da alawus ɗin tafiya gasar Afirka nake hange.

Maganar alawus ɗin ce ta yi mini ciwo, ita zan fara amsawa. Na yi furfura da usur a wuya ina koyar da motsa jiki a makarantun sakandare na garin nan. Ka shiga Wunti ko Yalwa ka tambayi magidantan da suka bi ta hannuna, su gaya maka aljihun wa ke sayen sanda idan ta karye, da wanda ke biyan kuɗin mota idan za a je gasa a wata jiha. Ban taɓa hawa jirgi da sunan wasan nan ba. Abin mamaki ma, daga bakinka zargin ya fito, kai da ba a taɓa jin ka rasa kujera a motar da ke raka 'yan ƙwallon ƙafa wasan waje ba. Allah Ya ƙara buɗi, ranka ya daɗe.

Batun masu kallo kuwa, rashin sani ya fi dare duhu. Tun 1971 ake buga gasar cin kofin duniya ta maza, aka fara a Basalona, Pakistan ta ɗauka, har yau kuma ita ke gaba da kofi 4. A 2023 an yi ta a jihar Odisha ta Indiya, a wasan ƙarshe Jamus ta doke Beljiyam a bugun raba gardama bayan an tashi 3-3. Afirka ta Kudu ce ta wakilci nahiyarmu, domin ita ta ci kofin Afirka a Akra a 2022, Masar ta zo ta biyu. Ka san wa ya zo na uku? Najeriya. Ban ji ka ba wannan tagulla ko minti ɗaya a shirinka ba, alhali kana iya cinye rabin sa'a a kan raunin wani ɗan wasan Ingila.

Abin da ke ci mini rai ma ya wuce ka. Tun daga wasannin Olamfik na Montreal a 1976 aka koma buga wasan a kan darduma ta roba, inda ƙwallo ke gudu sumul. Indiya, mai zinare 8 a Olamfik, rabonta da zinare tun 1980, ta daɗe tana lalube kafin ta farfaɗo da tagulla a Olamfik na Tokyo da na Paris, bayan gwamnatin Odisha ta ɗauki nauyin tawagarta a 2018. Jiha ɗaya fa. Mu nan yaranmu a kan tsakuwa suke atisaye, ƙwallo na tsalle tana fasa musu ƙauri, ranar da suka taka darduma sai su zama baƙi. Bauchi, garin da ya karɓi baƙuncin bikin wasanni na ƙasa a 2000, yau filayen makarantunsa ake yankawa ana jera shaguna. Ina yaro zai koyi riƙon sanda, balle a samu mai kallonsa?

Ka kuma ce wasan 'yan boko ne. Wannan ba zan ɓata tawada a kansa ba. Yawancin yarana 'ya'yan masu facin taya ne da 'yan acaɓa.

Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, ina roƙon ka karanta wannan amsa a shirinka na gaba, dukanta, kada ka tsallake inda na yi maganar kujerar mota.

Wassalam,
Tsohon malamin motsa jiki, Bauchi.